Wa Ke Riƙe da Ragamar Asibitocinmu?

A da, shugabancin asibiti a Kamaru abu ne na mutum ɗaya. Umurni ya fito daga ma'aikatar lafiya, babban likita ya zartar, mai jinya kuwa nasa godiya. Yau lamarin ya sauya, kuma ya kamata mu mutanen Briketeri mu san yadda ya sauya.

Tushen abin shi ne taron Bamako na 1987, inda ministocin lafiya na Afirka suka amince jama'a su sa hannu wajen tafiyar da ƙananan asibitoci da kuɗin magani. Lokacin aljihun gwamnatoci ya yi ƙasa, ga shi kuma darajar sefa ta faɗi a 1994. A 1995 aka kasa ƙasar nan zuwa gundumomin lafiya, kowace da likitan da ke shugabantarta. Unguwarmu tana ƙarƙashin gundumar Cité Verte.

Tun daga nan, iya duba marar lafiya kaɗai bai isa shugaba ba. Sai ya iya lissafi, ya tsara aikin shekara, ya kuma zauna da kwamitin lafiya na jama'a, wanda ake kira COSA. Daga 2011 aka fara gwada wani tsari da taimakon Bankin Duniya: ana ba asibiti kuɗi gwargwadon yawan aikinsa da ingancinsa, kamar yaran da aka yi wa rigakafi da matan da suka haihu a hannun ungozoma. A Afrilun 2023 kuma minista Manaouda Malachie ya ƙaddamar da matakin farko na shirin lafiya ga kowa a Mandjou.

To, ina mu a cikin wannan? A zaman kwamiti ne ake iya faɗin cewa tsohuwar da ba ta jin Faransanci tana bukatar tafinta, cewa mata da yawa sun fi sakin jiki da ma'aikaciya mace, cewa ranar rigakafi kada ta ci karo da sallar Juma'a. In kujerarmu ta zama wayam, wasu za su yanke mana hukunci, kuma ba don ƙiyayya ba, don ba su san halinmu ba ne.

Saboda haka muna kira ga sarakunan unguwa da limamai da ƙungiyoyin mata su tura wakilai masu ilimi da amana, waɗanda za su dawo su yi wa jama'a bayani. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.