Fuskar Attajiri ko Hanyar Arzikinsa?

Wata safiya ta hunturu, iska na tada ƙura a kan duwatsun Adar, na tsaya bakin wata lakwal a Tamaske ina kallon yara sun yi sahu biyu tun ƙarfe tara. An share fili, an yayyafa ruwa, an aro kujeru. Baƙon, wani babban ɗan kasuwa, sai kusan azahar ya iso. Ya yi jawabi kaɗan, ya raba kaye da biro, aka ɗauki hoto, motoci suka tashi. Bayan an watse na ji wani mushe yana yi wa ɗalibinsa faɗa: "Kai yanzu Alhaji ne ba ka sani ba? Har ka buɗe baki ka ce wane ne wannan?" Yaron ya sunkuyar da kai, yana murza sabon biron a tafin hannunsa.

Tun ranar abin yake cina a rai, domin sanin mutum iri biyu ne, kuma mushen nan guda ɗaya kawai yake nema.

Na farko shi ne sanin fuska da suna. Ba na raina shi. Mu Hausawa mun ce baƙonka annabinka, kuma yaron da zai ga dattijo ya shigo aji bai miƙe ya gaishe shi ba, tarbiyyarsa da saura. Amma wannan ladabi haƙƙin kowane baƙo ne, ko a kan jaki ya zo. Idan aka ce sai mai kuɗi ne za a tsayar da darasi awa uku dominsa, a kuma kunyata wanda bai gane shi ba, to abin da yara ke ɗauka shi ne girman mutum yana aljihunsa. A garin da samari da yawa ke barin aji su tafi cirani Abijan, Legas ko Libiya, wannan darasi yana da haɗari.

Na biyu shi ne sanin hanya, kuma a nan hankalina ya fi kwanciya. Ɗauki albasa, wadda kowane yaro a kwarin Tamaske ya taɓa yi wa ban ruwa a garkar babansa. Lokacin cira, cikin bazara, kasuwa ta cika maƙil, farashi ya faɗi, manomin da bashin taki da na man inji ke wuyansa ya sayar da arha. Mai jari kuwa ya saya ya zuba a rudu, ya jure wa asarar wadda za ta ruɓe, ya jira watanni har ta yi tsada, sannan ya loda wa manyan motoci zuwa Akra da Abijan, inda ake neman irin nan na Galmi ruwa a jallo. Tsakanin garka da bakin teku akwai dillali, da direba, da kuɗin kwastan, da canjin jaka zuwa kuɗin Gana. Attajirin da ya zo lakwal ya san duk wannan kamar yunwar cikinsa. Da an zaunar da shi cikin aji, an ba shi alli, an bar yara sun tambaye shi nawa buhu ke ci kafin ya isa, sau nawa ya karye, wa ya ba shi jarin farko, da sun koyi lissafin da zai bi su har gida.

Haka abin yake ko ga manyan attajirai. Babu yaron da bai ga sunan Dangote a jikin buhu ba, kuma a nan Keita aka aza harsashin masana'antar simintinsa a 2018. To su nawa ne suka san Aliko Dangote, wanda aka haifa a Kano a 1957, tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne, mutumin da ya yi fataucin goro zuwa Gwanja kafin ya shiga cinikin gyaɗa, ya rasu a 1955? Yaron da ya san wannan zai gane cewa dukiyar nan ta tsaya a kan jari da amanar dangi na shekaru masu yawa, ba zai zargi kansa ko ubansa da lalaci ba. Zai kuma iya tambayar abin da ya shafe shi kai tsaye: idan kamfani ya haƙi dutsen ƙasarmu, kamar yadda ake yi a Malbaza, 'ya'yan wa za a ɗauka aiki, kuma wane karatu ake nema?

Akwai ma waɗanda na fi so yaranmu su gane da ido: iyayenmu mata da suka ɗauki duwatsu a ka tun 1984, lokacin aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka yi da taimakon Italiya, suka jera shingaye a kan tsaunuka har fako ya sake fid da ciyawa. Da yawansu suna nan da ransu cikin unguwanninmu, ban kuma taɓa ganin an share fili dominsu ba.

Yaron nan da aka yi wa faɗa ya miƙe, ya gaida baƙo, ya tafa tare da 'yan'uwansa. Abin da ya ƙara kawai shi ne tambayar wane ne, kuma kamata ya yi mushe ya amsa masa, ya ce ya ci gaba da tambaya ta biyu.