Kafin a Ɗaura Ledar Ruwan Maganin Ciwon Daji

A Kafinsoli da ƙauyukan Kankia da Kusada, idan aka ce an ƙara wa mutum ruwa, to an ɗauka ya kusa miƙewa. Ruwan da ake ɗaura wa mai ciwon daji ba haka yake ba. Magani ne mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin cutar, amma yana haɗawa da wasu lafiyayyun ƙwayoyin jiki, musamman na jini da gashi da cikin baki. Shi ya sa yake buƙatar shiri.

A da sai an nausa Shika ta Zariya ko Kano. A watan Yulin 2025 gwamnatin tarayya ta buɗe cibiyar kula da ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tafiya ta ragu. Amma zuwa ɗaya ba ya gamawa. Galibi akan maimaita duk bayan mako 3 har tsawon watanni, don haka tun farko dangi su zauna su yi lissafin kuɗin mota da na gwaji da na magani. Katsewa a tsakiya babbar asara ce.

Kafin kowane zama akan yi gwajin jini. In fararen ƙwayoyin jini sun yi ƙasa, likita zai ɗaga ranar, kuma wannan ba wulaƙanci ba ne. Ranar kanta, mara lafiya ya ci abinci mara nauyi, ya sha ruwa sosai, ya sa riga mai faɗin hannu, ya tafi da ɗan rakiya, domin zaman yakan ɗauki sa'o'i. Duk wani jiƙo ko saiwa da yake sha a gida ya faɗa wa likita, ba ɓoye-ɓoye. Batun azumi ma a tambaya.

Da zarar wurin allurar ya fara zafi ko kumburi, a kira nas nan take, domin wasu daga cikin magungunan suna cin nama in sun zube a wajen jijiya. Kawaici a nan cutar kai ne. Wani maganin ja, doxorubicin, yakan rina fitsari ja na kwana ɗaya zuwa biyu. Gashi kuma yakan zube bayan 'yan makonni, daga baya ya sake tsirowa.

Haɗari mafi girma yana gida. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan zama, garkuwar jiki takan yi rauni matuƙa, a daidai lokacin da mutanenmu ke ɗora kowane zazzaɓi a kan sauro su garzaya kyamis. A tanadi ma'aunin zafin jiki da lambar wayar asibiti. In zafi ya kai digiri 38, ko mutum ya kama rawar sanyi, a kai shi asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne, a kuma sanar da ma'aikata cewa yana kan maganin ciwon daji.