Na'urar auna zurfin kogi

Masunta da masu fito na yankin Gaya, idan ruwan Kwara ya janye da bazara, tudun rairayi yakan kafe jirgi, ya karya farfelar inji. Na'urar auna zurfi tana taimakawa. Kanta yana aika sauti ƙasa, sautin ya dawo, allo ya nuna zurfin.

A zaɓi mai alamar 200 kHz, ita ta dace da kogi. Batir irin na mota yana tayar da ita.

Sautin ba ya ratsa katako da kyau. Saboda haka a ɗaura kan daga waje, a bayan jirgi, cikin ruwa, yana kallon ƙasa. A nisanta shi da farfela, domin kumfa tana ɓata awo.

A kula: ƙarƙashin jirgi take aunawa, ba gabansa ba. A rage gudu, kuma kada a bar gora a gida.