Jaridun Gaskiya da Zaɓen 1959

Sa'ad da aka ƙidaya ƙuri'un zaɓen tarayya na Disamba 1959, jam'iyyar NPC ta Sardauna ta tashi da kujeru 134 cikin 312, aka bar NEPU ta Malam Aminu Kano da 'yan ƙalilan. A Tudun Wadar Zariya kuwa, inda Kamfanin Gaskiya yake buga jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da Nigerian Citizen a lokacin, ba a sa ran jin makoki ba, domin kamfanin na Gwamnatin Arewa ne, alƙalaminsa kuma ya karkata ga sarakuna da masu mulki. Saboda haka a wancan lokaci wanda duk yake neman hujjar 'yan hamayya, ala tilas sai ya nemi jaridar Daily Comet ta Kano.