Gargaɗi Ga Duk Wanda Ruwa Ya Shiga Gidansa

Jama'a, masu gidaje da 'yan haya, maza da mata, duk wanda ruwa ya shiga gidansa a wannan damina, ko ambaliya ce, ko yoyon rufi, ko bututu ne ya fashe a cikin bango, don Allah ya dakata kafin ya ɗauki tsintsiya. Da zarar ruwa ya janye, zuciya sai ta ce a yi maza a share, a shimfiɗa tabarma, a koma ɗaki. Wannan hanzarin shi ke jefa iyalai cikin asara ta biyu, wadda sau da yawa takan fi ta farko ciwo, domin ta farko dukiya take ci, ta biyu kuwa har da rai.

Mun gani a Maiduguri. A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya malala cikin gari, ya shanye unguwanni irin su Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday da asibitin koyarwa, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallinsu. Ruwan ya yi kwanakinsa ya sauka. Ba a cika wata guda ba, a farkon Oktoba, gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Abin da ruwa ya bari a baya ke nan, kuma a ƙaramin gida ma haka yake bari, gwargwadon girmansa.

Ku fara da wuta. Kada kowa ya taka ruwan da ke kwance a ɗaki alhali ba a cire wutar gidan daga tushe ba. Kada a ce ai an ɗauke wuta tun jiya, domin ba ta sallama idan za ta dawo. In wurin cire fis ɗin da kansa yana cikin ruwa, ko sai an tsaya a ruwa kafin hannu ya kai gare shi, to a bar shi, a nemo mai gyaran wuta. Masu sola su sani cewa batir da inbata suna riƙe da wuta ko da duk unguwar tana cikin duhu. Firji, fanka, talabijin da injin jan ruwa da suka nutse, kada a jona su don a gwada ko suna aiki. Laka da danshi na nan cikinsu ko bayansu ya bushe.

Sai bango, kuma a nan nake roƙon a ba ni hankali sosai, domin a nan aka fi rasa rayuka cikin dare. Ginin ƙasa daga gindi yake shan ruwa. Ruwan da ya kwanta a tsakar gida ko a lungu yakan jiƙa tubalan ƙasa, danshi ya riƙa hawa a hankali, alhali saman bangon a bushe yake kamar ba abin da ya same shi. Duk nauyin azara da ƙasar rufi a kan wannan jiƙaƙƙen gindi yake zaune. Shi ya sa ake jin ɗaki ya faɗi bayan an ɗauke ruwa da kwana biyu ko uku, rana tana haske, mutane su ce ikon Allah. Ikon Allah ne, amma bangon ya nuna alama ba a duba ba. A farkon Satumba 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. Ginin da ya haura shekara 150 a tsaye ya kai ƙasa. Kada wani ya dogara da cewa tun zamanin kakansa ɗakin yake nan.

Ku zagaya gida da rana, ciki da waje. Ku danna gindin bango da babban yatsa. In ya lotsa, ko ya manne a hannu, ɗakin ba na kwana ba ne. Ku duba ƙofar da jiya take rufuwa lafiya, yau kuma sai an yi ta turawa da kafaɗa, wannan alama ce ta cewa ginin ya motsa. Ku duba sabuwar tsaga, musamman wadda ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa ta yi karkace, ko wadda samanta ya fi ƙasanta faɗi. A sami fensir a ja layi a ƙarshenta, a dawo gobe a gani ko ta wuce layin. Ƙasa tana zubowa daga rufi a kan gado, bango ya yi ciki, azara tana ƙara cikin dare, ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a kwashe yara da tsofaffi zuwa wajen dangi ko maƙwabta. Na san nauyin da ke kan magidanci ya ce wa iyalinsa su je su kwana a gidan wani, amma wannan kunya ta kwana kaɗan ce. Katangar tsakar gida ma haka, kada a bar yara su yi wasa ko mata su yi girki a gindinta, domin ita ba ta da abin da ke riƙe ta ta gefe.

Masu ginin bulo da siminti kada su ɗauka maganar ba tasu ba ce. Ruwa yakan zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashin harsashi, daɓe ya rufta. Silin da ya sha ruwa ya yi tumbi zai iya saukowa gaba ɗaya, don haka kada a tsaya a ƙarƙashinsa ana tsokana da sanda. Murfin masai da na sokawe su ma abin tsoro ne bayan ƙasa ta jiƙa, a hana kowa hawa har sai magini ya duba.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na rufe laifi. Mutum ya ga gindin bangonsa ya yi baƙi, fenti yana ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, sai ya kira birkila ya yi sabon yaɓen siminti, ko ya shafa fenti mai mai, ko ya manna tayil har zuwa ƙugu. Ɗaki ya yi kyau, baƙo ya yaba. Amma ruwan da ke cikin bangon yana neman hanyar fita ne, kuma an toshe masa. Sai ya ƙara hawa, bayan 'yan watanni tabon ya ɓullo a saman tayil ɗin. A ginin ƙasa abin ya fi muni, domin siminti ba ya numfashi irin na laka. Yaɓen zai tsaya ƙyam a waje, ƙasar da ke bayansa tana narkewa ba mai gani, har ranar da za su zube tare. Ƙwanƙwasa da bayan yatsa, in ka ji sauti kamar na fanko, yaɓen ya rabu da bango. Gyara na gaskiya yana farawa da gano inda ruwan yake shigowa: indararo ne ya toshe da ciyawa, kwano ne ya huje, tankin sama ne ke ambaliya a jikin gini, ko tsakar gida ce ta karkata zuwa ɗaki maimakon rariya. A tsayar da wannan, a kankare abin da ya lalace, a bar bango ya sha iska. Bushewar bango mai kauri aikin makonni ne, wani lokaci sai iskar hunturu ta busa.

Wajen busar da ɗaki kuma akwai wata masifa da ba ta da wari ba ta da launi. Kada a hura gawayi a kasko a saka cikin ɗaki a rufe ƙofa don ya kore danshi, sannan a shiga a kwanta. Kada a shigar da janareta cikin ɗaki ko zaure ko ƙarƙashin taga don gudun ruwa ko ɓarawo. Dukansu suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ke sa ciwon kai da jiri da barci, mutum ya wuce bai farka ba. Iyali guda sukan tafi a dare ɗaya ta wannan hanya. A buɗe ƙofofi da tagogi, a janye kabad da gado daga jikin bango, a ɗaga ledar ƙasa da kafet, domin a ƙarƙashinsu ruwa ke ɓuya.

Fumfuna tana fara kama jiƙaƙƙen kaya cikin awa 24 zuwa 48. Abin da za a iya wankewa a shanya a rana, a yi shi yau. Katifar soso da matashin kai da suka sha ruwan ambaliya kuwa, ruwan da ya haɗu da kwata da masai, rana bayan katifar kawai take busarwa. Na san kuɗin katifa a yanzu, amma jariri ko mai asma ba zai kwana a kanta lafiya ba.

Rijiya ita ce ta dawo da mu kan batun kwalara. A gidajenmu da yawa, tsakanin rijiya da salga 'yan taku ne. Idan ruwa ya cika ƙasa, abin da ke cikin ɗaya yana ratsawa zuwa ɗaya. Ruwan zai iya kwantawa ya yi garau, ba wari ba ɗanɗano, amma yana ɗauke da ƙwayar cuta. Alum yana kwantar da datti ne kawai, ba ya kashe ta, tacewa da ƙyalle ma haka. A tafasa ruwan sha ya yi ta ɓararraka na aƙalla minti ɗaya, ko a saka ƙwayar kulorin bisa umarnin da ke jikin takardarta a jira minti 30. Rijiyar kuma a kwashe ta, a yashe, a nemi ma'aikatan lafiya ko duba-gari su saka mata magani kafin a koma sha. Randa, tulu, kwanuka da ludayi a wanke su da sabulu da ruwa mai tsabta.

Wajen wanke ƙasa da bango, a fara kwashe laka, a wanke da sabulu, sannan a bi da ruwan bilic, kimanin kofi ɗaya a jarka mai lita 20. Uwargida, don Allah kada ki haɗa bilic da ruwan wankin masai mai asid ko wani sinadari da nufin ya ƙara ƙarfi. Haɗin yana tayar da hayaƙi mai guba da ke ƙona huhu. A sa takalmin roba, a rufe duk wani rauni, kuma kada a zura hannu ƙarƙashin kaya ba tare da an taɓa da sanda ba, domin maciji da kunama su ma busasshen wuri suke nema.

Hatsi abu ne mai wuyar zubarwa, musamman a shekarar tsada. Gero da dawa da ruwan sama mai tsabta ya ɗan taɓa, in an baza su a rana nan take, za su iya tsira. Amma masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna tana iya ɗauke da gubar aflatoksin, mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Kada a ci, kada a ba kaji ko saniyar tatsa, kada kuma a cakuɗa da mai kyau a kai kasuwa. Wanda ya yi haka ya ci haƙƙin wanda bai sani ba.

Kafin a fara shara, a ɗauki hoton ɓarnar da waya, har da layin da ruwa ya bari a bango. Zai yi amfani idan jami'an NEMA ko na hukumar agaji ta jiha sun zo tantancewa, zai kuma raba gardama tsakanin mai gida da ɗan haya. Wanda zai ɗaga dokin ƙofarsa ko ya tare ruwa da buhunan yashi, ya duba inda ruwan zai nufa, kada ya juya shi gindin katangar maƙwabcinsa.

Ina roƙon masu unguwanni da limamai su isar da wannan a masallatai da majalisu, a kuma leƙa gidajen gwauraye da tsofaffi da marayu, waɗanda ba su da mai duba musu bango. Idan kuma wani a gida ya fara zawo mai ruwa-ruwa, da amai ko babu, kada a jira gari ya waye. A dama ORS, in babu a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce, a riƙa ba shi yana sha a hanya, a nufi asibiti mafi kusa.