Gambo Sawaba da Ƙuri'ar Matan Arewa

Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu mata na Ƙaraye da Rogo, ku da kuke riga maza kama layi ranar zaɓe tun da sanyin safiya. Shirinmu na yau a kan matar da ta sha ɗauri ne domin ku samu shiga wannan layi, wato Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Mutanen Rogo kam maƙwabciyarku ce, tunda kuna iyaka da Jihar Kaduna.

An haife ta a 1933, sunan yankanta Hajaratu. Mahaifinta mutumin Ghana ne da ya yi aikin jirgin ƙasa, mahaifiyarta kuwa Banufiya. Maraici ya same ta da wuri, karatun boko ya tsaya a firamare, aka yi mata aure tana da shekara 13. Saboda haka duk sanda ta hau mumbari tana sukar aurar da yarinya ƙarama da hana ta makaranta, ba ji ta yi a bakin wani ba, a jikinta ta sani.

Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, ta shiga tana matashiya, ta bi tafiyar Malam Aminu Kano har ta zama shugabar mata. Ku tuna zamanin ne fa na 'yan doka da kotunan En'e, lokacin da namiji ma sai ya waiwaya kafin ya ce shi ɗan NEPU ne. Ita kuwa gida-gida take shiga, tana zama da matan kulle a tsakar gida, tana yi musu bayanin haraji da aikin tilas da ƙuri'a. Ta je har Abeokuta ta gana da 'yar gwagwarmayar mata Funmilayo Ransome-Kuti. A Kano aka kama ta, aka ɗaure, daga baya aka kore ta daga birnin. Sau 16 tana shiga kurkuku, ban da duka.

Me ya jawo duk wannan? A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun kaɗa ƙuri'a, na Arewa an ce su zauna gida. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 ƙofar ta buɗe. A Jamhuriya ta Biyu ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim, gidanta kuma bai rabu da marayu da 'ya'yan riƙo ba har Allah Ya karɓi ranta a Oktoban 2001.

Yau akwai asibiti mai sunanta a Zariya, da ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero. Madalla, amma a ganina sa suna ya fi komai sauƙi. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta fito a 2003. Kano ba ta sa hannu a tata ba sai 2023. A zaɓen 2023 ɗin kuma, kujeru 40 na majalisar dokokin jiha babu mace ko ɗaya.

Bayan tallace-tallace za mu buɗe layin waya. Mata na Ƙaraye da Rogo, in mace ta fito takarar kansila a mazaɓarku, me zai hana ku zaɓe ta?