YADDA A KE HAƊA JIMLAR TURANCI DA AKA WATSA

Kai mai karatu, ka san aikin gyartai. Kadan an kawo masa ƙwarya fasasshiya, ba ya ɗaukar sakaina ya ɗinka inda ya ga dama. Sai ya duba bakin kowace ɗaya, ya nemi wadda bakinta ya dace da shi, sa'an nan ya sa basilla. To, akwai wata irin tambaya a cikin jarrabawar Turanci wadda ta yi kama da wannan. A kan ɗauki jimla guda a yanka ta gunduwa huɗu, a hautsina su, a ce ka mai da kowace gunduwa wurinta.

A kan yi wannan tambaya da yawa a ƙasar Indiya, wurin jarrabawar neman aikin gwamnati. Asalin jarrabawan nan tun zamanin mulkin Ingila ne. Cikin shekarar 1855 aka fara yin ta a birnin Landan, don zaɓen manyan ma'aikatan da za su riƙe Indiya. Ba'indiyen da ya fara cinye ta sunansa Satyendranath Tagore, cikin 1863. Sai 1922 aka soma yin ta a cikin Indiya kanta, a birnin Alahabad. Cikin 1926 aka kafa hukuma don wannan aiki, ita ce tun 1950 a ke kira UPSC.

Jarrabawar gasa ta bambanta da ta makaranta. A makaranta duk wanda ya kai makin da aka yanka ya ci. Amma a gasa guraben aiki kaɗan ne, masu nema kuwa tuli, saboda haka sai wanda ya fi 'yan'uwansa a ke ɗauka. Maki ɗaya ya kan raba mutum da abincinsa.

Hukuman nan tana da wata jarrabawa da a ke kira CDS, ta masu son zama hafsoshin soja, sau biyu a shekara. Takardarta ta Turanci tambaya 120 ce, cikin awa 2, wato minti ɗaya ga kowace tambaya. A cikinsu a kan sa irin wannan ta hautsinanniyar jimla. A kan yi wa gunduwoyin alama da haruffa huɗu, P, Q, R, S. Ga misali:

P. goats to the
Q. the farmer took his
R. he needed money
S. market because

Abu huɗu ana iya jera su hanya 24, amma amsa huɗu kaɗai a kan rubuta maka a ƙasa, ka zaɓi ɗaya. Kada ka ce ai sai ka yi cinta. Wanda ya zaɓi amsar da ba daidai ba a kan zare masa sulusin makin tambayan nan. Lissafta ka gani. Kadan mutum ya yi cinta sau huɗu, ya dace sau ɗaya, ya kuskure sau uku, to, ukun nan sun cinye ɗayan, ya tashi hannu wofi. Abin da ke fisshe ka sai sanin hanya.

Da fari nemi kan jimla. A Turanci mai yin aiki shi ke gaba, kalmar aiki ta bi shi, sa'an nan abin da aikin ya faɗa wa. A nan kai Bahaushe ka yi sa'a, domin haka Hausa ta ke. Mu kan ce, kare ya ciji mutum, Bature ya ce, the dog bit the man. In ka juya su, a Hausa ko a Turanci, sai mutum ya zama shi ya ciji kare. Mai harshen Hindi kuwa a ƙarshen magana ya ke ajiye kalmar aiki, don haka sai ya sake saba wa kansa da wani jeri dabam. A cikin misalinmu gunduwa biyu ke da mai aiki, Q da R. Amma R ta ce he, wato shi. Shi wa? Galibi ba a cewa shi sai an riga an ambaci mutum. Ashe Q, mai ambaton manomi, ita ce kai.

Na biyu, duba bakin kowace gunduwa, kamar yadda gyartai ke yi. Akwai 'yan kalmomi waɗanda ba su tsayawa su kaɗai, kullum suna kiran abin da ke biye da su. Kalmomin the, da a, da his, da our, duk suna kiran sunan abu. Kalmomin to, da on, da by, su ma haka. Kalmar because, wato domin, tana kiran dalili cikakke, mai ɗauke da mai aiki da aikinsa.

To, mu gwada. Q ta ƙare da his, tana neman suna. Gunduwa biyu sun fara da suna, P mai awaki da S mai kasuwa. Manomi ba ya ɗaukar kasuwarsa ya tafi da ita, amma ya kan kora awakinsa. Saboda haka P ta bi Q. P ta ƙare da to the, tana neman wuri, ga kasuwa a bakin S. S ta ƙare da because, ga dalili a cikin R. Amsa ita ce Q P S R. Ma'anarta, manomi ya kai awakinsa kasuwa domin yana bukatar kuɗi.

Na uku, lura da wuraren da Turanci ya saɓa wa Hausa, don nan ne ƙafa ta kan zame. Mu kan ce awakinsa, abin mallaka a gaba, mai shi a baya. Bature ya kan juya, ya ce his goats. Mu kan ce dokin Musa, shi ya ce Musa's horse. Mu muna iya cewa farin doki ko doki fari, amma a Turanci white horse kaɗai a ke cewa. Kalmomin who da which kuwa kamar wanda da wadda su ke, suna manne da sunan da su ke ba da labarinsa. Akwai kuma tagwayen kalmomi masu tafiya tare: in ka ga either, nemi or a gaba, in ka ga neither, nemi nor.

Na huɗu, in ka gane gunduwa biyu da ba su rabuwa, duba amsoshin nan huɗu, ka zubad da duk wadda ta raba su. Sau da yawa ɗaya ko biyu kaɗai za su rage, ka ga ka tsira da lokacinka.

Daga ƙarshe karanta jimlar duka tun daga kai har wutsiya, ka fassara ta a zuciyarka. In ta fito maganar da mai hankali zai faɗa, ka samu. In ta fito shirme, koma baya, akwai bakin da bai haɗu ba.

Ga wata ka gwada da kanka, kada ka leƙa amsa tukuna:

P. which fell on
Q. our town washed
R. the heavy rain
S. away the bridge

In ka sami R P Q S, madalla, ka yi daidai: ruwa mai yawa da aka yi a garinmu ya tafi da gada.

Wannan gwaninta ba ta samuwa rana ɗaya. Sami aboki, kowannenku ya kwafi jimla daga littafin Turanci a 'yar takarda, ya yanka ta huɗu da almakashi, ku yi musaya. Ku yi biyar kowace rana bayan la'asar. Ko ba za ka taɓa zama jarrabawar Indiya ba, wanda ya iya haɗa jimlar wani ba zai kasa gina tasa ba ran da zai rubuta takardar neman aiki. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba da sa'a, amin.